Ido Daga Sama: Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Gadin Gidan Gorila

Idan aka ambaci gwaggon biri a Arewa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne labarin nan da ya cika gari a watan Yunin 2019, cewa wai gwaggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a gidan namun daji na Kano. An sha dariya, an yi barkwanci, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce ai babu ma irin wannan dabba a gidan. Daga nan aka rufe zancen, kowa ya kama gabansa.

To amma mai karatu, ko kun san cewa akwai wannan dabba a Najeriya, tana rayuwa a dajinta? Ba gwaggon birin da muka saba gani a Yankari ko a hannun masu wasa da shi a kasuwa nake nufi ba. Ina nufin gorila, babban birin nan baƙi marar wutsiya, wanda namijinsa kan kai kilo 180, ga farin gashi a gadon baya idan ya manyanta. Irin da ke tsaunukan Jihar Kuros Riba da makwabciyarta Kamaru shi ne mafi ƙaranci a duk duniya. Ba su kai 300 ba gaba ɗayansu, kuma kimanin 100 ne ke ɓangarenmu. Makarantar firamare ɗaya a unguwarku ta fi su yawa.

Ga tsoron mutum kuma. Shekaru aru-aru na farauta sun koya musu su haye duwatsu masu wuyar hawa su ɓuya. Akwai ma'aikatan daji da suka yi shekaru suna bin sawunsu ba su yi ido biyu da su ba sai sau ɗaya ko biyu. To ta yaya za a kare dabbar da ba a ganinta? Amsar da masana suka samo ita ce: idan ba ka iya ganin mai gida, sai ka sa ido a kan gidan. Wurin da ya fi dacewa a hango gidan kuwa shi ne sama.

Yadda na'urar ke gani

A kilomita 705 daga doron ƙasa akwai taurarin ɗan Adam na Amurka da ake kira Landsat. An harba na farko a 1972, kuma tun daga lokacin ba a daina ɗaukar hoton duniya ba. Kowanne yana zagaye duniya cikin minti 99, yana komawa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16. Kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato kamar fuloti biyu. Na Turai, Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, ya fi shi kaifin ido: ɗigonsa mita 10 ne, kuma duk kwana 5 ake samun sabon hoto.

Da wannan ba za a ga gorila ba, ko giwa ma da wuya. Abin da ake gani shi ne ganye. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, amma na'urar tana auna shi. Daji mai duhu yana da tasa alamar, gonar rogo tana da tata, ƙasar da aka ƙone ma haka. Kwamfuta takan ɗora hoton yau a kan na watan jiya. Inda ɗigo ya sauya daga alamar daji zuwa ta fili, sai ta yi masa ja.

Mu ma'aikatan jinya mun san darajar wannan tsari. Awon zafin jiki sau ɗaya ba ya faɗa maka komai sosai. Amma idan aka jera awon safe, rana da dare na kwana uku a kan kati, ko ba ka ga mara lafiyar ba za ka san inda ciwon ya dosa. Hotunan Landsat katin awo ne na dazuzzukan duniya, mai tsawon shekara fiye da 50.

Matsala ɗaya ita ce gajimare. Dajin gorila wuri ne na ruwan sama, ana iya yin watanni hoto bai fita ba. Nan ne na'urar rada ke shigowa. Ita ba ta jiran hasken rana, siginarta take aikawa ƙasa ta saurari dawowarta, kuma gajimare ko duhun dare ba sa tare ta. Tun a 1994 kumbon Endeavour na Amurka ya ɗauki hoton tsaunukan Virunga da rada, masu binciken gorila suka yi amfani da shi. Yau tauraron Sentinel-1 ne ke wannan aiki a kai a kai.

Babban sauyin ya zo ne a 2008, lokacin da Amurka ta saki hotunan Landsat kyauta. Kafin nan hoto ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli. A 2013 masana a Jami'ar Maryland suka fitar da taswirar asarar dazuzzuka ta duk duniya, a 2014 kuma aka buɗe shafin Global Forest Watch, inda duk mai waya da data zai iya duba dajin da yake so.

Abin da ya faru a Virunga

Gandun dajin Virunga da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango shi ne mafi tsufa a Afirka, an kafa shi a 1925. Yana iyaka da Ruwanda da Uganda, kuma a tsaunukan da ƙasashen uku suka haɗa ne gorilan kan dutse ke zaune. A ƙidayar 1981, guda 254 kacal suka rage a can.

Bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka sauka a kewayen birnin Goma, daf da dajin. Dole su dafa abinci, dole su yi bukka. Itacen daga ina? Daga dajin. A shekarar ne hukumar UNESCO ta sa Virunga cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Yaƙi ya hana masana shiga, taswirar da ake da ita kuma tsohuwa ce. Saboda haka a 2003 UNESCO da hukumar sararin samaniya ta Turai suka fara aikin zana wa yankin sabuwar taswira daga hotunan sama.

Ba a daɗe ba amfaninta ya bayyana. A tsakiyar 2004, cikin 'yan makonni, dubban mutane suka shiga sashen Mikeno, inda gorilan suke, suka share daji mai faɗin murabba'in kilomita 15 don noma da kiwo. Wannan ya fi filin ƙwallo 2,000. A wurin da ake yaƙi kowa yana da nasa labarin, kuma musu ba ya wuya. Amma da aka ajiye hoton kafin da na bayan a kan tebur, gani ya kori ji. Ƙasashen waje suka matsa lamba, aka dakatar da saran, daga baya aka gina katangar dutse a bakin iyakar dajin, mutanen yankin ne ma suka yi aikin ginin.

Zuwa 2019 gorilan kan dutse sun kai 1,063, idan aka haɗa na tsaunukan Virunga 604 da na dajin Bwindi na Uganda 459. A 2018 aka sauke su daga matakin waɗanda ke daf da ƙarewa zuwa mataki na ƙasa da shi. Ba tauraro kaɗai ya yi wannan ba. Masu gadin Virunga fiye da 200 ne aka kashe a bakin aiki. Amma taswira ce ta nuna wa waɗanda suka rage inda za su sa ƙafa.

Namu na gida

A Najeriya wurare uku ne ake samun gorila: tsaunin Afi, tsaunukan Mbe, da sashen Okwangwo na gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991. A Kamaru akwai Takamanda da Kagwene da wasu dazuzzukan. An taɓa zaton sun ƙare a Najeriya, sai a shekarun 1980 aka sake tabbatar da cewa suna nan.

Damuwar masana ita ce a warwatse suke, ƙungiya a kan wannan dutse, ƙungiya a kan wancan. Idan gonaki da tituna suka raba su, kowace ƙungiya za ta koma haihuwa a tsakaninta, jini ɗaya ya yi ta juyawa har rauni ya shigo. Ga shi ba sa haihuwa da yawa. Mace kan fara ne tana da kimanin shekara 10, ciki wata takwas da rabi, sannan ɗa ɗaya duk bayan shekara huɗu. Uwa ɗaya da aka rasa babban giɓi ne.

Wani masani mai suna Richard Bergl da abokan aikinsa sun haɗa hotunan Landsat da bayanan ƙasa don gano inda ya dace da zaman gorila. Suka zana wuraren, sannan aka tura mutane da ƙafa su duba. Gorila kan yi sabon makwanci da ganye kowane dare, ya bar shi da safe, don haka makwanci da kashi su ne shaidar. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna suna zaune a wurare masu faɗi fiye da yadda aka sani, kuma har yanzu akwai siraran hanyoyin daji da ke haɗa duwatsun. Gwajin ƙwayoyin halitta daga kashinsu ma ya nuna wasu na ƙetarawa daga wannan ƙungiya zuwa waccan.

Wannan ya sauya tunanin masu aikin. Ashe kare kan dutse kaɗai bai wadatar ba, sai an kare burtalin da ke tsakani. Duk wanda ya san abin da toshe burtali ya jawo tsakanin manoma da makiyaya a Arewa zai fahimci maganar nan da nan. Burtalin da ke tsakanin Afi da Mbe, alal misali, titin Ikom zuwa Obudu ya ratsa shi, gonakin koko da ayaba kuma suna cinsa ta gefe da gefe.

Taswira ta kuma shiga rigimar babban titin da Gwamna Ben Ayade ya ƙuduri ginawa a 2015, mai tsawon kilomita 260, daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai. Gwamnatin jihar ta ce ta ƙwace filin da ke kilomita 10 dama da hagu na titin. Da aka ɗora wannan layi a kan taswirar daji da ta ƙauyuka, sai kowa ya ga abin da zai tafi: dazuzzukan al'umma, gonaki da ƙauyuka masu yawa. Mutanen Ekuri da ƙungiyoyi suka tashi tsaye. A 2017 gwamnati ta janye batun kilomita 10, aka kuma sauya wa titin hanya.

A watan Yulin 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan da kyamarar ɓoye ta ɗauka a tsaunukan Mbe: ƙungiyar gorila, da jarirai a bayan iyayensu. Abin sha'awa, Mbe ba gandun gwamnati ba ne. Ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suke kula da shi, da 'ya'yansu a matsayin masu gadi, wasunsu tsofaffin mafarauta.

Me ya shafi lafiyar iyalinku?

Wataƙila ku ce, muna fama da tsadar masara, ina ruwanmu da biri? Ga inda aikina ya sa nake ganin da ruwanmu.

Gorila da mutum sun yi tarayya a kusan kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halitta. Ma'ana, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama ɗayan. A 2010 masana suka gano cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mafi kisa, wadda ke cika mana gadajen yara duk damina, asalinta daga gorila ta tsallako zuwa mutum a zamanin da. Tsakanin 2002 da 2003 cutar Ebola ta kashe gorila kimanin 5,000 a yankin Lossi na Kwango Brazabil, kuma wasu ɓarkewar cutar a ƙauyukan yankin sun fara ne daga mafarautan da suka taɓa mushe a daji. Mun san Ebola. A 2014 ta shigo Legas, ta kama mutum 20, ta kashe 8, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ma'aikatan jinya.

Bincike biyu da aka wallafa a 2017, waɗanda suka dogara da hotunan tauraro, sun nuna cewa Ebola ta fi ɓulla a wuraren da aka sare daji ko aka daddatsa shi. Dalilin a fili yake: inda aka tsaga daji, nan mutum da jemage da biri suke haɗuwa. Ke nan jan ɗigon da ke gargaɗin mai gadin daji yana iya zama gargaɗi ga jami'in lafiya ma.

Cutar kuma ba hanya ɗaya take bi ba. A 1996 ƙazuwa ta kama wata ƙungiyar gorila a Bwindi, ta kashe jariri ɗaya. Likitar dabbobi Gladys Kalema-Zikusoka ta bi sawu, alamu suka nuna daga ƙauyukan gefen daji cutar ta fito, inda gorilan ke shiga gonaki suna taɓa tsummokaran mutane. Sai ta kafa ƙungiyar da ke kula da lafiyar mutanen ƙauyen, don ta gane ba a warkar da dabbar a bar makwabcinta. A 2009 wata ƙwayar mura ta mutane ta shiga cikin gorilan Ruwanda, biyu suka mutu. Shi ya sa yau masu ziyara ke sa takunkumi suna tsayawa nesa.

Wannan fasaha ma ba baƙuwa ba ce a gare mu. A yaƙi da shan inna, hotunan tauraro ne suka fito da rugage da ƙananan ƙauyukan Arewa da ba sa cikin taswirar hannu, aka aika masu rigakafi. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Idon da ya nemo yaranmu shi ne ke nemo burtalin gorila. Ƙasarmu ma tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, kuma akwai cibiyar nazarin hotunan sama a Jos.

Abin da sama ba ta gani

Kada a ɗauka an samu maganin komai. Tauraro yana ganin bishiyar da ta faɗi, amma ba ya ganin tarkon waya da aka ɗana wa gada ya kama hannun ɗan gorila. Ba ya ganin harsashi. Dajin Lossi bayan Ebola kore shar yake a hoto, alhali babu mai gida a ciki. Koko da ake shukawa a inuwar manyan bishiyoyi kan yi kama da daji. Mai sare bishiya ɗaya mai tsada ya ja ta ya fita, sau da yawa ba a lura.

A gabashin Kwango akwai wani nau'in gorila da ya ragu daga kimanin 17,000 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa 'yan dubbai. Babban dalili shi ne farauta a kewayen ramukan haƙar ma'adinai, har da koltan da ake sakawa a wayoyin hannu. Hoto yana nuna ramin da sansanin, amma bai nuna abin da ke cikin tukunya.

Fasa-ƙwauri ma haka. A watan Disamban 2024 an kama jaririn gorila a cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul, an ɗauko shi daga Najeriya za a kai shi Tailan. Kafin a raba jariri da uwarsa, sai an kashe uwar, sau da yawa da wasu cikin dangin.

Abu mafi muhimmanci, hoto ba ya faɗin dalili. Jan ɗigo ɗaya na iya zama na attajiri mai zarton inji da tireloli, yana kuma iya zama na bazawara mai neman inda za ta shuka rogo. A taswira launinsu ɗaya. Idan aka bi taswira ido rufe, talaka ne zai sha sanda, don shi ne ake samu a wurin. Tarihi ya nuna haka: an kori al'ummar Batwa daga Bwindi a 1991 da sunan kare gorila, kuma har yau jikokinsu suna cikin mafi talauci a Uganda. Jihar Kuros Riba ta hana sare katako a 2008, amma hotunan sama sun nuna dajin bai daina raguwa ba. Doka da hoto ba sa aiki idan babu mai zuwa wurin, babu kuma wata hanyar cin abinci ga mutanen gefen daji.

Inda aka ci nasara, an haɗa abubuwa uku ne. Gargaɗi ya zo daga sama zuwa wayar mai gadi. Mai gadi ya taka ya gani da idonsa, ya rubuta abin da ya tarar da inda ya tarar da shi. Sannan al'umma ta ga amfanin dajin a aljihunta. A Ruwanda baƙo na biyan dala 1,500 don ya ga gorila na awa ɗaya, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen daji na komawa ƙauyukan da ke kewaye, ana gina ajujuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za ku iya yi daga gida

Na farko, kada ku sayi jaririn biri ko wata dabbar daji don yara su yi wasa. Ban da zaluncin da ke bayan cinikin, cizo ko yaƙushi ɗaya na iya kawo cutar da ba mu da maganinta a asibitin kusa.

Na biyu, mushen da aka tsinta a daji ba nama ba ne. Ku gaya wa 'yan'uwanmu da ke fatauci ko aikin gona a Ikom, Ogoja, Obudu da cikin Kamaru. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, ku zauna da yaranku wata rana da yamma ku buɗe Global Forest Watch ko Google Earth. Ku nemo Kuros Riba, ku ja shekarun baya ku dawo da su gaba. Daga nan ku nemo Falgore, ko Kamuku, ko dajin da ke bayan garinku, ku duba hotunan da da na yanzu. Yaron da ke son kwamfuta ya sani cewa karanta taswira sana'a ce, ana koyar da ita a jami'o'inmu, kuma ma'aikatun lafiya, noma da muhalli duk suna neman masu ita.

Gorilan Kuros Riba ba su kai 300 ba, kuma babu wani wuri a duniya da za a je a aro wasu idan suka ƙare. Hotunan da za su nuna ko mun riƙe amanar ko mun sake ta ana ɗaukar su yanzu haka, duk bayan kwana 5, kuma jikokinmu za su iya buɗe su su gani.

Ku kuma fa, wane daji kuka sani kuna yara wanda yau ya zama fili? Me ya cinye shi, gawayi, gona ko gini? Ku ba mu labari.